Tsohuwar Tirelar Kwana a Amurka: Yadda Ake Saye da Yadda Ake Tayar da Ita

Idan ka ga tsohuwar tirelar kwana an kafa mata allon sayarwa a bakin hanya, fenti yana ƙyalli, labule sabo fil, kada ka fara da tambayar kuɗi. Tambayi mai ita inda ta yi shekarun nan tana kwana, ƙarƙashin rufi ko a fili. Rabin farashinta yana cikin amsar da zai ba ka, domin ruwa ne yake kashe waɗannan abubuwa, kuma a ɓoye yake aikinsa.

Ina magana ne a kan ƙaramin ɗakin nan mai taya biyu da Amurkawa suke ɗaura wa mota a baya su tafi daji ko bakin tafki su kwana, da gado da murhu da teburin cin abinci a ciki. Na tsakanin 1950 da 1970 su ake rububi yanzu. Ni a arewacin jihar Indiyana nake zaune, yankin da ake ƙera mafi yawan irin waɗannan ɗakuna a ƙasar, har a garin Elkhart akwai gidan tarihi nasu na musamman. Tawa ta farkon shekarun 1960 ce, tsawonta ƙafa 16 idan an haɗa da wuyan da ake ɗaurawa a mota (haka suke auna tsawo, saboda haka ɗakin kansa bai wuce ƙafa 13 ba). A sito na wani manomi na same ta, kaji suna kwana a ƙarƙashinta.

Kafin ka fita nema, san irin wadda kake so, don aikinsu ba ɗaya ba ne. Akwai ta katako da aka lulluɓe da siririn alminiyam, irin su Shasta, kamfanin da ya fara a Kalifoniya a 1941, mai 'yan fukafukai biyu a baya, da Serro Scotty ta jihar Pensilbaniya. Wannan aikin kafinta ne, duk wanda ya iya riƙe zarto da guduma zai iya. Akwai Airstream mai kama da harsashin azurfa, da ake ƙerawa a Jackson Center ta jihar Ohayo tun 1952. Ita ba katako a bangonta, alminiyam ne ciki da waje da aka haɗa da dubban ribit. Ƙarfinta ba wasa ba ne, mai kamfanin, Wally Byam, ya ja ayarinsu daga Cape Town har Alƙahira a 1959 zuwa 1960. Amma dabenta katako ne, kuma idan ya ruɓe sau da yawa sai an ɗaga gangar jikin gaba ɗaya daga kan shasi. Ba na ba mai farawa shawarar ya soma da ita. Sai ta uku, 'yar ƙarama mai siffar ƙwai da aka zuba da faiba, irin Boler da aka fara yi a Winnipeg ta Kanada a 1968, ita ce mafi ƙarancin wahala amma da wuya mai ita ya sake ta da araha. Abin da zan faɗa ya fi shafar ta katako. Ka kuma lura, a 2015 Shasta ya sake fitar da samfurinsa na 1961 guda 1,941, kamanninsu ɗaya daga nesa, kada a sayar maka da sabuwa da sunan tsohuwa.

Ranar da za ka je gani

Tafi da rana, da tocila, da tsani, da sukundireba mai tsini, da tsohuwar tabarma ko kwali da za ka kwanta a kai. Kada ka sa fararen kaya.

Kowane mai sayarwa zai ce maka ba ta yoyo. Ba lallai ƙarya yake yi ba. Ruwan ba ya ɗigo masa a ka, ta bakin rufi yake shiga, ko ta gefen taga, ko ta ƙofar iskar da ke sama, ya bi cikin bango ya gangara ya taru a ƙasa inda bango ya zauna a kan daɓe. A can ne katako yake zama gari. Shi ya sa nake fara dubawa daga ƙasa. Kwanta ka soka sukundireba a katakon da ke gefen tayoyi da na kusurwoyi huɗu. Idan ta shige ba gardama, ka san labari. Daga nan tashi ka kwance sukuru biyu ko uku a kusurwar baya, bayan ka nemi izinin mai ita. Sukurun da ya fito da tsatsa, ko wanda yake ta juyawa ba ya kama komai, ya gaya maka halin da katakon ciki yake.

A ciki, hanci ya fi ido aiki. Rufe ƙofa ka tsaya minti ɗaya. Warin fumfuna da na fitsarin ɓera ba sa ɓuya, sai dai a danne su da turare, kuma tirelar da ka shiga ka ji ƙanshi ya yi yawa abar tuhuma ce. Ɗaga katifu, buɗe kowace durowa da kabad, haska bayan su. Danna bango da yatsa a ƙarƙashin tagar gaba da ta baya. Taka daɓe da diddige a bakin ƙofa. Bangon asali siririn filawud ne na itacen birch mai launin zuma, kuma duk inda ruwa ya bi yana barin baƙin tabo. Wanda ya shafa wa cikin tirela farin fenti kafin ya sayar, sau da yawa tabon nan ya rufe. Na fi son in sayi mai datti wadda ba a taɓa ba a kan wadda aka yi wa kwalliya, domin mai datti ba ta ɓoye mini komai.

Ruɓewar katako ba ta hana ni saye, ragin kuɗi kawai take jawowa. Abu uku ne idan babu su nake juyawa in shiga mota.

Na farko takardar mallaka. Dokar kowace jiha daban ce, wasu ba sa ba ƙananan tireloli takarda, wasu kuma ba za su ba ka lamba ba sai da ita, kuma neman sabuwa yana iya cin watanni. Kira ofishin rajistar motoci na jiharka kafin ka biya ko sisi. Lambar tirelar a jikin ƙarfen wuya ake buga ta, sau da yawa fenti da tsatsa sun rufe, sai ka goge da samfefa. Kada ka damu idan ka ga gajeruwa ce, lamba mai haruffa da alƙaluma 17 sai a 1981 ta zama doka. Abin da ake so shi ne ta dace da ta kan takarda, sunan da ke takardar kuma ya zama na wanda yake karɓar kuɗinka. Ku rubuta rasit, kowa ya sa hannu.

Na biyu shasi. Tsatsar sama ba komai ba ce, buroshin ƙarfe da fenti sun ishe ta. Wadda ta ci ƙarfe har yana ɓarewa kamar ɓawo, ko ta huda shi, musamman inda wuya ya haɗu da jiki da inda sifirin yake maƙale, wannan sai mai walda, wani lokaci ma sai sabon shasi. A jihohin da ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara, irin namu nan, abin ya fi muni. Tirelar da ta fito daga Arizona ƙarfenta da katakonta sukan fi lafiya, robobinta ne rana take soyawa.

Na uku tagogi da ƙofa da sauran ƙananan ƙarafan asali. Mutane suna raina wannan. Katako kana iya saya a kowane shago, alminiyam ma ana buga sabo. Amma tagar nan mai jerin gilasai da ake murɗa hannu su buɗe, irin ta tsofaffin gidajen ma'aikata a gida, idan firam ɗinta ya ɓata sai ka yi ta farauta a intanet, ka same ta da tsada. Gilashi da ya fashe ba matsala ba ne, ana yanka wani. Firam ɗin ne dukiya.

Game da kuɗi, abin da zan ce kawai shi ne duk lissafin gyaran da ka yi a tsaye a gabanta, ninka shi biyu, lokacin ma haka. Kuma ka tabbata kana da inda za ka ajiye ta a rufe, wasu unguwanni suna hana ajiye tirela a ƙofar gida.

Kawo ta gida

Nan ne wasu suke asarar abin da suka saya tun kafin su kai gida. Tayar tirela ba ta sulɓewa, tsufa take yi a tsaye. Duba gefenta inda aka rubuta DOT, alƙaluma huɗu na ƙarshe mako ne da shekara: 2315 na nufin mako na 23 na 2015. Idan uku ka gani, an yi ta kafin 2000, ko iska kada ka ɓata lokacin sa mata. Duk wadda ta wuce shekara biyar ko shida canja ta. Idan rim ɗin irin na da ne mai rabewa biyu, zubar da shi, yana iya tashi da mutum lokacin buga iska, masu faci da yawa ma ba sa taɓa shi.

Cire tayoyin ka fitar da boris, ka wanke, ka duba ko sun yi tabo ko shuɗi, ka cika su da sabon giris. Wajen mayarwa, ɗaure noti kana juya taya har ya zauna, sa'an nan ka sassauta ka ɗaure da yatsu kawai, ka sa sabon fin. Auna bakin wuyan tirela ka san girman dunƙulen ƙarfen da zai shiga: inci 2 ya fi yawa, amma akwai mai inci 1 da 7/8 da mai inci 2 da 5/16. Ƙarami a cikin babban baki yana zama kamar ya kama, sai an taka rami ya fita. Sarƙoƙi biyu a gicciye su a ƙarƙashin wuya. Fitilun baya kada ka sa rai za su kama, sayi na wucin gadi ka ɗaure. Ɗaure ƙofa da tagogi, ka liƙe duk bakin alminiyam da ya ɗaga, don iskar babbar hanya tana shiga ƙarƙashinsa ta yaye bango guda. Bi ƙananan hanyoyi, a hankali. Bayan mil kaɗan tsaya ka ɗora hannu a tsakiyar taya: ɗumi daidai ne, zafin da hannu ba ya iya jurewa alamar boris ne. Idan sukurorin kusurwa duk ba sa kamawa, kada ma ka ja ta, ɗauki hayar mota mai faffaɗan baya a ɗora ta.

Aikin kansa

Shara tukuna, amma ba da tsintsiya ba. Kashin ɓera yana iya ɗaukar wata ƙwayar cuta da ake kira hantabairos, mai kama huhu, kuma ƙurar da tsintsiya take tayarwa ce hanyar kamuwa. Buɗe ko'ina ya sha iska, sa takunkumi da safar hannu, jiƙa wurin da ruwan bilic kashi ɗaya cikin goma, bar shi minti biyar, sa'an nan ka kwashe. Tayil ɗin daɓe masu inci 9 kowane gefe na wancan zamani da yawa suna da asbestos a ciki, wani sinadari da ƙurarsa take illata huhu, kada ka goge su da inji ko ka farfasa. Fentin da aka yi kafin 1978 yana iya ƙunsar dalma. Yara su yi nisa da wurin har a gama wannan.

Yanzu ga maganar da ta fi kowace muhimmanci a rubutun nan. A masana'anta daga ciki aka gina tirelar zuwa waje: daɓe, sai kabad-kabad, sai bangon gefe, sai aka naɗo filawud ɗin silin daga gaba zuwa baya, aka ɗora masa sanduna, aka ja waya, aka sa audugar gilas, alminiyam ya zo ƙarshe. Saboda haka daga waje ake buɗe ta. Mutum ya shiga ciki ya ɓamɓare bango ya liƙa sabon filawud a kan ruɓaɓɓen katako, kitso ya yi da ƙwarƙwata. Ba zai ga bakin sandunan da suka ruɓe ba, balle ya canja su, domin bakin filawud ɗin asali a matse yake tsakanin bango da sandunan rufi.

Haka kuma kada zumuɗi ya sa ka kwashe kabad da benci ka zubar don ka sami fili. Su ne suke riƙe da bangon. Doguwar kabad ɗin kaya da ke kusa da ƙofa ita take tallafe rufi. Na sha ganin tallan tirela a Facebook da aka rubuta wai an riga an kwashe cikinta, an rage maka aiki. Ba a rage maka komai ba, an zubar da ma'aunin da za ka yanka sababbi a kai ne.

Ɗora shasin a kan jak huɗu, ka daidaita shi da ma'aunin ruwa ta kowane ɓangare, in ba haka ba karkataccen ɗaki za ka gina, ƙofa ta ƙi rufuwa. Ɗauki hoton komai kafin ka kwance. Sukurorin kowace taga a ledarsu, da rubutu. Cire siririn ƙarfen da ya bi bakin rufi, a hankali, don yana lanƙwashewa kuma za ka sake amfani da shi. Cire tagogi, fitilu da ƙofa. Za ka tarar bakin alminiyam ɗin rufi an naɗe shi a kan na gefe an kafe da ƙananan ƙusoshi, zare su ɗaya bayan ɗaya. Alminiyam ɗin ba shi da kauri, mutum biyu ko uku za su sauke shi, a kwantar a inuwa inda ba mai takawa. Sa safar hannu, bakinsa yana yanka.

Kada ka warware duka a lokaci guda. Gama baya, ka koma gaba, sa'an nan gefe, don siffar ta tsaya. Kowane ruɓaɓɓen katako ka ciro shi a yadda yake ka ɗora a kan sabo ka zana, ko da rabinsa ya zama gari. Lanƙwasar kusurwa ce take ba da wahala, kuma idan ta sauya da rabin inci tsohon alminiyam ba zai koma mazauninsa ba. Yi amfani da katako mai kauri daidai da na asali, da gam da sukuru. Guji koren katakon nan da aka jiƙa da magani don kada ya ruɓe: maganin yana da jan ƙarfe, yana cin alminiyam idan sun haɗu. Duba manyan notocin da suka ɗaure daɓe a kan shasi, galibi tsatsa ta cinye su sun zama kamar allura, canja su duka.

Tun bango yana buɗe ka ja sabuwar waya. Tsohuwar sau da yawa layi biyu ce ba ta da wayar ƙasa, kuma ɗakin ƙarfe da ba shi da wayar ƙasa yana iya jan mutum yana taɓa ƙofa da ƙafa a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa. Wutar sansanonin nan bolt 120 ce, mafi yawa amfiya 30. Sa akwatin burka, wato makunnan da ke yanke wuta idan ta yi yawa, da soket mai yanke wuta da kansa kusa da wurin ruwa, ka haɗa wayar ƙasa da shasi. Fitilu kuwa na LED masu bolt 12 a kan batir sun wadatar. Idan ba sana'arka ba ce, ja wayar da kanka amma kira mai lasisi ya duba kafin ka rufe.

Gas ba na wasa da shi. Tsohon murhu mai baki uku ana wanke shi ya yi aiki lafiya, kuma ya fi na yanzu kyau. Bututu, tiyo da regileta kuwa sababbi nake sawa. Tsohuwar tukunyar gas mai zagayayyen marfin murɗawa ba za a cika maka ita ba, tun 2002 sai mai marfi mai kusurwa uku, wadda take hana cikawa fiye da kima. Bayan haɗawa shafa ruwan sabulu a kowace mahaɗa, kumfa ta tashi akwai yoyo. Na'urar jin warin gas a ƙasa ake kafa ta kusa da daɓe domin gas ɗin ya fi iska nauyi, a ƙara da ta hayaƙi da ta iskar kabon mai kisa a barci. Tsohuwar hita da fitilar gas ta bango na bar su don ado, ban haɗa su da bututu ba.

Filawud ɗin ciki mai kaurin kashi ɗaya cikin takwas na inci, shafa masa shelak, wani man ƙyalli na katako, mai launin zuma tun yana kwance kafin a kafa. Daɗin shelak shi ne sabon shafi yana narkewa cikin tsoho, don haka kabad ɗin asali ma da shi ake farfaɗo da su har launi ya zo ɗaya.

Wajen mayar da alminiyam, abin da ke hana ruwa shiga shi ne wani tef mai danƙo da ake kira butil. Ana shimfiɗa shi a bayan firam ɗin kowace taga da bayan ƙarfen bakin rufi, a ɗaure sukuru ya ratsa ta cikinsa har ya matso waje, a yanke abin da ya fito. Inda alminiyam yake da kwari, ninka shi biyu. Sukurori sababbi marasa tsatsa. Silikon kada ya kusanci tirelarka. Yana sakin alminiyam bayan ɗan lokaci, ruwa ya shige ta ƙarƙashinsa, kuma inda ya taɓa fenti ba ya kamawa. Baƙin kwalta da ake malala wa rufi ma haka, rufin da ka gani da shi yoyo aka so rufewa. Fenti shi ne ƙarshe: wanke, goge da hannu, sa share-fage na alminiyam, sa'an nan launi. Kada a fesa masa yashi, yana kumbura shi.

Ka yi hattara da nauyi. Tayil na kasko, katako mai kauri da babban firji suna da kyau a hoto, amma an ƙera shasin ne don kaya marasa nauyi. Kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin tirela ya kamata ya sauka a kan wuya. Idan baya ya fi nauyi, tana fara wutsiya a kan hanya har ta juya motar. Kai ta sikelin manyan motoci a tashar mai ka auna da kaya a ciki, ka gwada da abin da littafin motarka ya ce tana iya ja. Jihohi da yawa suna wajabta birki a kan tirelar da ta kai kimanin kilo 1,360, wasu ƙasa da haka. Ni ko ba doka ina son birkin lantarki, kuma sau da yawa sabon aksul da birkinsa ya fi gyaran tsoho sauƙi.

Gyara ɗaya da na yi wanda ba na asali ba: teburin gaba na mai da shi mai cirewa gaba ɗaya, saboda idan ana ruwa a waje a sami wurin shimfiɗa darduma. Na kuma fitar da famfo ɗaya waje don alwala, ruwa ya daina zuba a daɓen katako.

Kafin tafiyar farko, sa wani ya riƙe tiyo yana zuba ruwa daga ƙasa zuwa sama, taga bayan taga, kai kana ciki da tocila. Kwanan farko ku yi shi a sansanin da bai wuce tafiyar awa ɗaya daga gida ba, da akwatin kayan aiki a mota. Wasu sansanoni masu zaman kansu ba sa karɓar tirelar da ta haura shekara 10 sai sun ga hotonta, don haka kira tukuna. Na gandun jiha ba ruwansu. Idan kana son ganin yadda wasu suka yi nasu, ƙungiyar Tin Can Tourists, wadda aka kafa a Tampa ta jihar Filorida a 1919, tana taro a wurare daban-daban, kuma masu tireloli suna buɗe ƙofa a shiga a duba. Kafin sanyi ya shigo zubar da duk ruwan tanki da bututu, don ƙanƙara tana fasa su, cire batir da abinci, toshe ramukan ɓera da audugar ƙarfe. Ajiye ta ƙarƙashin rufi. Idan babu, ɗaga wuyan kaɗan ruwa ya riƙa gangarewa, ka kuma share dusar ƙanƙara daga samanta kafin ta yi nauyin da zai lotsa sandunan silin.